Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Babban Sakataren OIC kan binciken ilimi a Afganistan

Zuwa ga Mai Girma Hissein Brahim Taha,
Babban Sakataren Ƙungiyar Haɗin Kan Ƙasashen Musulmi, OIC,
Jidda.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa irin ta addinin Musulunci, ranka ya daɗe, ina fata wannan wasiƙa ta same ka lafiya, kai da iyali da ma'aikata. Allah ya taya ka riƙon amanar ƙasashe 57 da aka ɗora maka.

Ni malama ce, tarihi nake koyarwa a wata jami'a a Arewacin Najeriya. Na rubuto ne da yawun wasu abokan aikina, maza da mata, daga Najeriya da Nijar, waɗanda sana'armu ke nan, koyar da tarihin ƙasashen Musulmi da siyasarsu. Mu ba ƙungiya ba ce mai rajista, ba mu da ofis balle hatimi. Na rubuta da Hausa domin ɗalibanmu da iyayensu su karanta, kuma na san ba za a rasa mai fassara maka ba. Ga mutumin Chadi, Hausa ba baƙuwa ba ce.

Abin da ya tayar da maganar shi ne hukuncin da ya fito fili a watan Satumban 2025, inda hukumomin Taliban suka fitar da jerin littattafai wajen 680 da suka hana a koyar da su a jami'o'in Afganistan. Kimanin 140 daga ciki laifinsu kawai mata ne suka rubuta su, har da littafi kan yadda ake kauce wa haɗari a ɗakin gwajin sinadarai. Wasu 310 kuma na marubutan Iran ne, ko a can aka buga su. An kuma soke darussa 18 daga manhaja, shida a cikinsu kan mata suke magana. A ƙarshen wannan watan aka kashe intanet a ƙasar baki ɗaya na kusan kwana biyu, bayan an riga an yanke manyan layukansa a larduna irin su Balkh, alhali ta nan ne kaɗai 'yan matan da aka kora daga aji suke ɗan samun karatu.

Ba zan ce ƙungiyarka ta naɗe hannu ba. Mun ga taron gaggawa na ministocin waje a Islamabad ranar 19 ga Disamban 2021, mun ga asusun agaji da aka buɗe ƙarƙashin Bankin Raya Ƙasashen Musulmi, da naɗa Tarig Ali Bakheet wakili na musamman, da tawagar malamai da aka tura Kabul. Lokacin da aka rufe wa mata jami'o'i, kai da kanka ka fito ka nemi a janye matakin, kuma aka zauna a Jidda a Janairun 2023 a kan haka. Najeriya ma ta zuba dala miliyan 1 a wancan asusu a 2022, a daidai lokacin da malaman jami'o'inmu ke yajin aiki, har mutane suka yi ta gunagunin cewa gida bai ƙoshi ba an kai wa dawa. Ni ban ga laifin kyautar ba. Amma tunda da kuɗinmu a ciki, muna da bakin tambaya. Kusan duk ƙoƙarin ya karkata ga garin alkama da magani da sanarwar Allah wadai. Waɗannan suna da amfani, mai jin yunwa ba ya karatu. Sai dai akwai abin da ke mutuwa a hankali wanda buhun gari ba zai raya shi ba, wato sanin ita kanta ƙasar: waɗanne mutane ne a cikinta, nawa ne, yaya suke rayuwa, me suka rubuta, me ya haɗa su rigima da maƙwabta.

Kukanmu na farko tsoho ne. Yawancin abin da duniya ta sani game da Afganistan, waɗanda suka je yaƙi ko leƙen asiri ne suka rubuta shi, don amfanin waɗanda suka aike su. Littafin da Turawa suka daɗe suna ɗauka a matsayin tushen sanin ƙabilun ƙasar, na Mountstuart Elphinstone ne, wanda aka buga a 1815. Jakadan kamfanin Ingilishi mai mulkin Indiya ne, ya gana da sarkin Afganistan Shah Shuja a Peshawar a 1809, ya rubuta littafi guda a kan daular Kabul ba tare da ya taka Kabul ba. Bayan shekara 200 sai ga Amurka ta sake irin wannan: daga 2007 zuwa 2014 rundunar sojanta ta riƙa ɗaukar masana halayyar al'umma tana haɗa su da bataliyoyi, su shiga ƙauye da rakiyar bindiga su yi wa mutane tambayoyi. Ƙungiyar masana wannan fanni ta Amurka ta yi tir da shirin tun a shekarar farko, amma sai da ya lashe fiye da dala miliyan 700. Me aka samu? A takardun da jaridar Washington Post ta fallasa a Disamban 2019, Janar Douglas Lute, wanda ya riƙe harkar Afganistan a fadar shugaban Amurka zamanin Bush da Obama, ya amsa da bakinsa cewa ba su da ko fahimtar farko game da ƙasar, ba su san abin da suke yi ba. Wannan a yaƙin da masu bincike na Jami'ar Brown suka ƙiyasta ya ci dala tiriliyan 2.3.

Gaskiya ne an yi aiki mai kyau a waɗannan shekaru. Cibiyar bincike ta AREU da aka kafa a Kabul a 2002 ta yi nazari mai zurfi kan filayen noma da ruwa da bashi a ƙauyuka, kuma cibiyar masu nazari ta AAN da ta zo a 2009 tana cikin wuraren da mai neman gaskiyar lamari yake fara dubawa. Ɗaruruwan 'yan ƙasar sun koyi aikin a irin waɗannan wurare. Amma kuɗin daga ofisoshin jakadancin ƙasashen da ke da sojoji a ƙasar yake fitowa. Da sojojin suka tattara a Agustan 2021, sai kuɗin ya bi su, masu binciken suka watsu, wasu Jamus, wasu Kanada, wasu suna zaman jiran biza a Islamabad har yau. Ba a samu wata ƙasar Musulmi da ta ce to, bari mu ɗauki wannan nauyi ba.

Illar haka har ajinmu take isowa. Wata ɗalibata ta rubuta kundin digiri na biyu kan yarjejeniyar Doha ta 29 ga Fabrairun 2020 tsakanin Amurka da Taliban, saboda a yankinmu na Sahel duk lokacin da aka tayar da maganar sulhu da masu ɗauke da makamai sai wani ya kawo misalin Doha. Yarinya ce mai ƙwazo, ta karanta duk abin da hannunta ya kai gare shi. Da na juya zuwa jerin manazartarta a bayan kundin, sai na ga daga Washington sai Landan, sai rahoton gidajen rediyo. Na tambaye ta ko ɗan Afganistan ɗaya da ta karanta, ta yi shiru, can ta ce, "Malama, ai ban san suna rubutu ba." Ba laifinta ba ne. Ƙasar da ta haifi Faiz Muhammad Katib, ɗan ƙabilar Hazara da ya rubuta tarihin fadar Kabul dalla-dalla, da masana tarihi Mir Ghulam Muhammad Ghubar da Abdul Hayy Habibi, ba a kawo mana su da Larabci ko wani harshe da ɗalibanmu ke ji ba. Kuma mun ga abin da sanin Afganistan ta hanyar kaset da jita-jita yake haifarwa: samarin da suka yi sansani a Kanamma ta Jihar Yobe a ƙarshen 2003 har ake ce musu 'yan Taliban, ƙasar da ke cikin kansu ba ta yi kama da wadda mutane ke noma da aure da bin bashi a cikinta ba.

Kuka na biyu shi ne ya fi ci mana rai. Waɗanda za su iya gyara wancan giɓi, wato 'yan ƙasar da kansu, su ne ake rufe wa baki. Ranar 20 ga Disamban 2022 ministan ilimi mai zurfi Neda Mohammad Nadeem ya sa hannu a takardar da ta hana mata shiga jami'a. Alƙaluman UNESCO sun nuna mata ɗalibai sun tashi daga kimanin 5,000 a 2001 zuwa sama da 100,000 a 2021. Duk an maida su gida. Makarantun sakandare na 'yan mata kuwa tun 2021 suke rufe. An ce za a buɗe ranar 23 ga Maris 2022, yara suka sa kayan makaranta suka je, aka sallame su da safiyar. A Disamban 2024 aka rufe ƙofar da ta rage, ta koyon aikin jinya da ungozoma.

Ana yawan maganar wannan ta fuskar haƙƙi, kuma haka ne. Ni ta fuskar sana'ata zan yi. Afganistan ƙasa ce da namiji baƙo ba ya wuce ɗakin baƙi. Mu Hausawa mun san wannan sarai, mun san gidan da aka rubuta "ba shiga" a bakin zaure: komai digirin mutum, in namiji ne nan zai tsaya. To duk abin da ke faruwa a cikin gida, mace nawa ta rasu wajen haihuwa, yarinya 'yar shekara nawa aka aurar saboda bashi, yadda gwauruwar da yaƙi ya cinye mijinta take ciyar da marayu, waƙoƙin landai masu layi biyu da matan Pashtun ke rerawa a tsakaninsu, mace ce kaɗai za ta iya shiga ta zauna a kan tabarma ta ji. In aka daina horar da mata masu bincike, rabin al'umma ya ɓace daga ilimi ke nan. Nan da shekara goma, in ofishinka ya nemi sanin halin da iyalan Afganistan ke ciki domin raba agaji, babu wanda zai ba ka amsa sai mai kintace.

Na taɓa zama kusa da wata malamar jami'a 'yar Herat a wani taron masana a wata ƙasar Larabawa, kafin abubuwa su juya. Bincikenta a kan mata masu saƙar darduma ne, yadda dillalai ke ba su zare bashi su karɓe dardumar a wulaƙance. Da Larabcinta mai karye-karye da nawa muka yi hira har aka tashi. Saƙonta na ƙarshe da ya iso mini ta waya, cewa ta yi ta naɗe littattafan da ta cika da hirarraki cikin leda ta sa a ƙasan akwatin kayan sanyi, tana koya wa 'ya'yan maƙwabta lissafi a ɗaki, kuma in an ƙwanƙwasa ƙofa sai su fito da allura da zare.

Mazan ma ba su tsira ba. A 'yan watannin farko kaɗai an ba da rahoton malamai sama da 200 sun bar jami'o'in Kabul da Herat da Balkh. An tsare Farfesa Faizullah Jalal a Janairun 2022 saboda maganar da ya yi a talabijin. Malamin jami'a Ismail Mashal ya yayyage takardun shaidar karatunsa a gaban kyamara, ya ce ba ya bukatarsu in 'yar'uwarsa ba za ta yi karatu ba; a Fabrairun 2023 aka kama shi yana tura amalanke yana raba littattafai kyauta a titin Kabul.

Domin adalci, ba Taliban ce ta fara wannan ba. Gwamnatin sarki ta haramta littafin tarihin Ghubar da zarar an buga shi a 1967. Gwamnatin 'yan gurguzu ta kashe malamai da ɗalibai ba adadi a gidan yarin Pul-e-Charkhi. Farfesa Sayd Bahauddin Majrooh, wanda ya tattara waƙoƙin landai ɗin nan, an harbe shi a ƙofar gidansa a Peshawar a Fabrairun 1988, bayan cibiyarsa ta fitar da binciken da ya nuna mafi yawan 'yan gudun hijira sun fi son tsohon sarki Zahir Shah a kan shugabannin mujahidai. A Nuwamban 2020 'yan IS suka shiga Jami'ar Kabul suka kashe mutum sama da 20. Kowace gwamnati da kowace ƙungiya ta ɗauki nata rabon na jinin masana. Haka kuma ba na cikin masu ganin komai na Taliban baƙi ne: harbe-harbe sun ragu a hanyoyi, kuma riƙe wa ƙasar kuɗinta kusan dala biliyan 7 da Amurka ta yi zalunci ne da talaka ya ɗanɗana. Na faɗi wannan ne domin kada wani ya karanta wasiƙata ya ce 'yar koren Turawa ce. Hujjata daga gida take. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a cikin Nurul Albab ya zargi malaman da ke karantar da almajirai a waje su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, kuma 'yarsa Nana Asma'u ta tura jajis ƙauye-ƙauye suna karantar da mata ta tsarin 'yan taru. Su kansu mutanen Afganistan ba sa bukatar aro daga wurinmu: babbar makarantar Herat ta ƙarni na 15, wadda hasumiyarta ɗaya ke tsaye har yanzu, mace ce ta gina ta, Gawhar Shad.

Sai maganar alƙaluma, wadda ba zan daɗe a kai ba. Afganistan ba ta taɓa kammala ƙidayar jama'a ba. Wadda aka fara a 1979 yaƙi ya katse ta. Shi ya sa hukumar ƙididdiga ta Kabul ke cewa mutanen ƙasar wajen miliyan 35 zuwa 36 ne, Majalisar Ɗinkin Duniya kuma tana cewa sun haura miliyan 41. Tazarar ta kai yawan mutanen wata ƙasa guda. A kan wane lissafi ake raba agajin? Bayan hana noman opium a Afrilun 2022, filayen da ake nomawa sun faɗo daga hekta 233,000 zuwa 10,800 a shekara ɗaya, manoma suka rasa kuɗin shiga sama da dala biliyan 1. Daga hotunan tauraron ɗan Adam aka fi sanin wannan. Hoton sama zai nuna maka gona ta koma alkama, ba zai gaya maka ɗan ƙodagon da ke yankan furen ina ya nufa ba, ko wace 'ya aka bayar a maimakon bashin da ya ci. Ga kuma mutum sama da miliyan 2 da aka koro daga Iran da Pakistan a 2025 kaɗai, da yawansu a can aka haife su.

Kuka na gaba ya shafi takardu da kayan tarihi, kuma a nan akwai bashi a wuyanmu. Duk wanda ya zauna gaban malami a ƙasar Hausa ya sha daga rijiyar wannan yanki ko bai sani ba. Ruwayar Sahihul Bukhari da ta yaɗu a Magrib da Andalus ta hannun Abu Zarr al-Harawi ta biyo, mutumin Herat ne kuma Bamalike irinmu, a wurinsa Abul Walid al-Baji ya yi karatu a Makka. Mai karanta Ashafa da azumi, in ya nemi sharhi, sau da yawa na Mulla Ali al-Ƙari zai ɗauko, shi ma ɗan Herat. Madarijus Salikin na Ibnul Ƙayyim sharhi ne a kan littafin Abdullahi al-Ansari na Herat. Ibn Hibban a Bust aka haife shi, cikin lardin Helmand na yau da ba mu jin sunansa sai a labarin yaƙi. Fakhruddin ar-Razi a Herat aka binne shi. Ɗan ɗariƙa da ɗan Izala duk suna da gado a can.

Su waye suka tsare abin da ya rage? Ma'aikatan gidan tarihi na Kabul da suka ɓoye zinaren tarihi na Tillya Tepe, sama da guda 20,000, a ma'ajiyar ƙasa tun 1989, suka yi gum har 2003. Ma'aikatan hukumar fina-finai da suka gina bango suka rufe faya-fayan tarihi a bayansa. Da wata tsohuwa Ba'amurkiya, Nancy Hatch Dupree, wadda ta tara takardu a Peshawar lokacin hijira, ta maido su Kabul cikin buhunan taki, suka zama cibiyar ACKU a Jami'ar Kabul mai takardu sama da 100,000. A Kabul ta rasu a 2017. Kwafin da aka ɗauka a kwamfuta kuwa, a Jami'ar Arizona da Jami'ar New York yake. Allah ya saka musu. Amma abin kunya ne a ce mai neman jaridar Kabul ta zamanin Sarki Amanullah sai ya roƙi Amurka, alhali ƙungiyarka tana da IRCICA a Istanbul, cibiyar binciken tarihi da al'adun Musulunci wadda aikinta ke nan, da ICESCO, hukumar ilimi da al'adu, a Rabat.

Lokaci kuma ba ya jira. Masu bincike na Jami'ar Chicago sun gano wuraren tarihi sama da 29,000 a ƙasar ta hotunan sama, suka kuma nuna yadda ake bi da katafila ana baje wasu a yankin Balkh domin satar abin da ke ƙasa, tun daga 2018 zamanin tsohuwar gwamnati, kuma bai tsaya ba bayan 2021. A Mes Aynak ta lardin Logar, tsohon gari ne guda a kwance kan ma'adinin tagulla da aka ba kamfanin Sin kwangilarsa, kuma a Yulin 2024 aka ƙaddamar da aikin hanyar zuwa wurin. A Maris 2001 ƙungiyarka ta tura manyan malamai, ciki har da Sheikh Yusuf al-Ƙaradawi da Muftin Masar, zuwa Kandahar domin roƙon Taliban kada ta fasa gumakan Bamiyan, suka isa an riga an fara fasawa. Mu a nan mun ga Timbuktu a 2012 da 2013, inda iyalai suka yi ta fitar da littattafan hannu cikin akwatunan ƙarfe ta mota da kwalekwale zuwa Bamako. Abin da aka fitar da wuri shi ya tsira.

Na ƙarshe, siyasar yanki. Rigingimun da ke kewaye da Afganistan yau kusan duk tsakanin mambobin ƙungiyarka ne. Iyakar Durand da Ingilishi suka shata a 1893, mai tsawon kilomita wajen 2,600, ta raba Pashtun gida biyu, kuma babu gwamnatin Kabul da ta yarda da ita tun kafuwar Pakistan. A Oktoban 2025 an gwabza a kanta har sai da Katar da Turkiyya suka shiga tsakani. Ruwan kogin Helmand akwai yarjejeniyar 1973 da ta ba Iran kimanin kubik mita miliyan 820 a shekara, amma kowane ɓangare yana da nasa lissafin abin da ke gudana, har aka yi musayar wuta a kan iyaka a Mayun 2023. A arewa, tun 2022 ake haƙa hanyar ruwa ta Qosh Tepa mai kilomita 285 daga kogin Amu Darya, domin shayar da hekta 550,000, abin da ke hana Uzbekistan da Turkmenistan barci saboda audugarsu, ga shi Afganistan ba ta cikin yarjejeniyar rabon ruwa da ƙasashen tsakiyar Asiya suka ƙulla a 1992. Ranka ya daɗe, ka riƙe ma'aikatar harkokin wajen Chadi, hedikwatar Hukumar Tafkin Chadi a Injamena take tun bayan kafa ta a 1964. Ka fi ni sanin cewa ƙasashe ba sa iya zama su raba ruwa sai an sami masana da kowa ya yarda da awonsu. A kan Helmand da Amu Darya babu irin wannan teburi, kuma injiniyoyin ruwa na Afganistan da za su zauna a kansa suna tuƙa tasi a Hamburg.

Ga abin da muke roƙo.

A ware wani kaso bayyananne daga asusun da ke Bankin Raya Ƙasashen Musulmi, ko a buɗe masa reshe, domin bincike da masu bincike, a kuma riƙa buga yadda aka kashe shi. A fara da malaman da suka watsu: a ba su kujerun koyarwa na shekara biyu ko uku a jami'o'in da ke da alaƙa da ƙungiyar, ta Say a Nijar wadda ke da sashen mata a Yamai, ta Mbale a Uganda, ta Gazipur a Bangladesh, da ta Malesiya. Waɗanda suka zauna a gida kuma, mata musamman, a nemo hanyar biyansu su ci gaba da rubutu ba tare da an jefa su cikin haɗari ba.

Tallafin karatu ga 'yan mata kada ya tsaya a sanarwa. A Agustan 2023 an tare ɗalibai mata a filin jirgin Kabul, suna riƙe da tikiti da gurbin karatu a Dubai wanda attajiri Khalaf Al Habtoor ya biya. Gurbi ba tare da izinin fita ba aikin banza ne. Wakilinka na musamman ya sa wannan a gaba a duk zaman da zai yi da hukumomin Kabul, ya nemi alkawari a rubuce.

A umarci IRCICA da ICESCO su nemi yarjejeniya da gidan adana takardun ƙasa na Kabul da ɗakunan karatu na Herat, a ɗauki hoton littattafan hannu da tsofaffin jaridu, a ajiye kwafi a Istanbul da Rabat, a buɗe wa kowa. Wannan aiki ne da Taliban ba ta da dalilin ƙi, tunda galibinsu littattafan addini ne, kuma zai iya zama ƙofar shiga ga sauran. Cibiyar ƙididdiga ta ƙungiyar, SESRIC ta Ankara, kuma ta ɗauki maganar ƙidaya da horar da ma'aikatanta, da sharaɗin mata za su shiga cikin masu ƙirga. A kafa kwamitin masana ruwa daga Afganistan da Iran da Uzbekistan da Turkmenistan, aikinsu awo kawai da buga sakamako, a bar wa 'yan siyasa ciniki.

A fassara manyan littattafan tarihin Afganistan daga Dari da Pashto zuwa Larabci da Faransanci da Ingilishi, harsunan aikin ƙungiyar uku. Mu za mu ɗauki nauyin juya abin da ya dace zuwa Hausa, kuma sassanmu a shirye suke su karɓi baƙon malami ɗaya ko biyu in an biya kuɗin jirgi da masauki. Al-Biruni a Ghazna ya zauna, ya koyi Sanskrit, ya rubuta littafinsa kan Indiya wajen shekarar 1030. Bai kamata jikokin almajiransa su rasa mai koyon Pashto ba.

Sannan in za a sake tura tawagar malamai Kabul ko Kandahar, a sa mata malamai a ciki, masu fiƙihu da hadisi, daga Maroko, daga Indonesiya, daga Sakkwato. An gayyaci Taliban taron ilimin 'ya'ya mata na Islamabad a Janairun 2025 ba su je ba, don haka sai a je musu. A nemi su kawo nassin da ya haramta littafin ɗakin gwaji saboda mace ce ta rubuta shi, a rubuta amsarsu, a buga.

Muna roƙon a sa waɗannan batutuwa cikin ajandar taron ministocin waje mai zuwa, kuma ofishinka ya ba da amsa a fili, ko da a taƙaice ne, kan wanne za a iya yi da wanne ba za a iya ba.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira.

Wassalam.

Taka,
Malamar tarihi daga Arewacin Najeriya,
a madadin abokan aikinta.